Majigin Bajamushe da Hanyar da Ta Ratsa Malanbil

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tsohuwar gadar Malanbil, wadda aka gama a shekarar 1958 domin ta haɗa ƙasar Dahome da ta Nijar, in ya ba kogin Kwara baya ya dubi kudu, hanya ce miƙaƙƙiya ta fiye da kilomita 700, ta bi ta Kandi da Faraku har ta dangana da teku a Kwatano. In kuwa ya juyo arewa, ga Gaya nan kusa, bayanta Doso, bayan Doso kuma ƙasar makiyaya har bakin hamada. To, akwai wani Bajamushe mai sana'ar shirya fim, ana ce da shi Werner Herzog, wanda Allah Ya ƙaddara masa yin ayyuka biyu kusa da kusa, ɗaya a kan labarin wancan ƙarshen hanya na bakin teku, a 1987, ɗaya kuma a kan mutanen wannan ƙarshen na bakin hamada, a 1989, har ya kasance mutane da yawa a Turai da Amurka ba su fara jin ɗuriyar waɗannan wurare ba sai ta abin da idonsa ya gano musu. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma ganin majigi gani ne da idon wani, saboda haka ya wajaba a yi masa irin binciken da malamanmu ke yi wa riwaya, a tambayi wane ne marawaicin, ina ya tsaya sa'ad da ya gani, kuma me ya fito nema.

Kafin a zo kansa, ya kamata mai karatu ya san cewa Herzog ba shi ne Bajamushen farko da wannan yanki ya ja hankalinsa ba. Tun garin Malanbil bai samu wannan suna ba, tun yana 'yar ƙaramar alƙarya da Dandawa ke kira Tassi, watau rairayi, kafin Faransawa su laƙaba masa sunan Henri Malan, wani gwamnansu na Dahome, wannan sashe na kogi mashigi ne na fataken goro. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Jega, madugu a gaba, jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu jemammu, a ƙetare Kwara a wajajen Gaya ko Illo bayan an biya kuɗin fito, a keta ƙasar Bargu da tsoron 'yan fashinta, a yada zango a Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sai Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Wani malamin harsuna, Gottlob Adolf Krause, ya zauna a Salaga tun daga 1886, ya iya Hausa har aka yi masa laƙabi da Malam Musa. A 1895 Hans Gruner ya jagoranci wata tawaga daga Togo, ta iso Sayi, ta gangaro ta ƙasar Dandi har ta kai fadar Gwandu, tana tseren kafa tuta da Faransawa. Da dai yarjejeniyar da Faransa da Jamus suka ƙulla a 1897 ta faɗi wata fuska dabam, da wataƙila sunan wani gwamnan Jamus garin nan ke amsawa yau. Haka kuma wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya zauna gaban Alhaji Umaru na Karaci, Bakanon malamin nan da ya rasu a 1934, ya sa shi ya rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da ajami. Wanda ya zo da na'urar ɗaukar hoto mai motsi kuwa shi ne Hans Schomburgk, mutumin Hambug, wanda ya ratsa Togo a 1913 da 1914 har ya kai Sansanin Mango, zangon fatakenmu. Waɗannan duka sun zo ne a inuwar mulkin mallaka ko a gabaninsa. Herzog ya zo bayan an naɗe tabarmar wannan mulki, kuma abin da ya kawo shi wani abu ne dabam.

An haife shi a birnin Munik ran 5 ga Satumba 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Yana jariri bam ya rushe gidan maƙwabtansu, sai mahaifiyarsa ta kwashe 'ya'yanta ta gudu da su wani ƙauye mai suna Sachrang, cikin duwatsun Bavariya, dab da iyakar Ostiriya, inda ya tashi cikin talauci na haƙiƙa, gida ba famfo, ba wayar tarho, uba kuma ya yi nisa da su. Bai san akwai wani abu wai shi fim a duniya ba sai da ya shekara 11, ranar da wani mai yawo da majigi ya sauka a makarantar ƙauyen. Wanda ya san yadda motar majigi ta riƙa shiga ƙauyukan ƙasar Hausa a zamanin En'e, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, ba zai rasa gane wannan yaro ba. Da suka koma Munik yana ɗan shekara 12, suka kama ɗaki a wani gidan haya, a cikin 'yan hayar kuwa har da wani ɗan wasa mai zafin rai kamar taɓaɓɓe, Klaus Kinski, wanda daga baya zai zame masa alheri da jarrabawa gaba ɗaya. Bai yi karatun wannan sana'a a gaban kowane malami ba. Aikin walda ya riƙa yi da dare a wata masana'antar ƙarfe yana tara kuɗi, kyamarar da ya fara aiki da ita kuwa ya faɗa da bakinsa cewa ɗauko ta ya yi daga wata cibiyar koyon fim ba da izini ba. Ya fitar da ɗan gajeren fim ɗinsa na farko a 1962, na farkon dogayen kuma a 1968, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Barlin.

Halinsa guda, wanda in ba a fahimce shi ba ba za a fahimci aikinsa ba, shi ne imaninsa cewa abin da ba a sha wuyarsa da jiki ba, ba ya fita da gaskiya a hoto. A ƙarshen 1974, da labari ya iske shi cewa Lotte Eisner, wata tsohuwa masaniyar tarihin finafinan Jamus wadda ya ɗauka tamkar shaihiyarsa, tana kwance rai a hannun Allah a Faris, sai ya ɗaura takalmi ya taka da ƙafa daga Munik, cikin tsananin sanyi da ƙanƙara, mako uku yana tafe, yana ƙudurce a ransa cewa ba za ta cika ba muddin ya iso mata da ƙafa. Ajali kuwa na Allah ne, ta tashi, ta rayu har 1983. A dajin Amazon na ƙasar Peru, wajen shirya Fitzcarraldo wanda ya fito a 1982, labarin ya bukaci a tsallakar da jirgin ruwa kan tudu daga wani kogi zuwa wani, sai ya ƙi duk wata dabarar rufa-ido, ya sa aka ja jirgi na gaske mai nauyin tan 320 da igiyoyin ƙarfe da inji da ƙarfin ɗaruruwan mutanen dajin. An ba shi kyautar gwanin masu ba da umarni a bikin Kan na Faransa saboda wannan aiki, an kuma zarge shi da jefa rayukan talakawa cikin hatsari domin biyan bukatar ransa, kuma a ganina yabon da zargin duka suna da hujja.

Afirka ta fara gwada shi tun da wuri. A ƙarshen shekarun 1960 ya keta Sahara da mota shi da 'yan abokan aikinsa, ba don ya ɗauki mutane ko garuruwa ba, sai don ya kama ƙawalwalniya a hoto, abin da ya zama fim ɗin Fata Morgana na 1971. A Kamaru aka kama su aka jefa a kurkuku aka yi musu dukan kawo wuƙa, saboda sunan mai ɗaukar hotonsa, Schmidt-Reitwein, ya yi kama da na wani sojan haya Bajamushe da hukuma ke nema. Ya fito daga wannan tafiya da ciwon tsargiya. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, cewa abin da ya fara kawo mutumin nan ƙasashenmu ƙawalwalniya ce, watau abin da ido ke gani alhali babu shi a inda ake ganinsa.

Labarin da ya ɗauko daga kudancin hanyarmu shi ne na Francisco Félix de Sousa, mutumin Bahiya ta ƙasar Barazil, wanda ya zauna a Wida yana fataucin bayi, Sarkin Dahome Adandozan ya ɗaure shi a kan rigimar bashi, ya ƙulla amana da ɗan'uwan sarkin, Gezo, suka tumɓuke shi a 1818, Gezo ya hau gado ya ba shi sarautar Chacha, ya zama babban dillalin sarki a bakin teku har ya mutu a 1849. Wani marubucin Ingila, Bruce Chatwin, ya mai da wannan tarihi ƙagaggen labari a 1980, bayan shi kansa ya sha tsarewa a Kwatano ranar da sojojin hayar Bob Denard suka kai wa gwamnatin Mathieu Kérékou hari a Janairun 1977. Daga littafinsa Herzog ya tsamo Cobra Verde. Sai dai fim ɗin, ko da yake labarin Dahome ne, ba a ɗauke shi a Jamhuriyar Benin, watau Dahome ta dā, ba: ganuwar Elmina ta ƙasar Gana ita ta tsaya a madadin ganuwar Wida, fadar sarkin Dahome ta Abome kuma gina ta aka yi da laka a kusa da Tamale aka ƙawata ta da ƙoƙunan kai na jabu, wani basaraken Gana na gaske, Nana Agyefi Kwame na Biyu, ya fito a matsayin sarki tare da fadawansa, aka kuma tara ɗaruruwan 'yan matan Gana aka horar da su suka fito a matsayin mayaƙan matan nan na Dahome. Kinski ne ya fito a matsayin bafataken bayin, wannan ne kuma aikinsu na biyar kuma na ƙarshe tare, domin fitinarsa ta kai har mai ɗaukar hoto, Thomas Mauch, ya ajiye aiki ana tsaka da shi.

Ba na musun ƙarfin abin da ya fito. Akwai wurin da aka jera mutane tun daga bakin teku har iya ganin ido, kowa riƙe da farar tuta, saƙo na tafiya daga hannu zuwa hannu. Akwai kuma ƙarshen fim ɗin, inda bafataken, bayan duniya ta juya masa baya, yake kokawa shi kaɗai da wani kwalekwale da ya kafe a rairayi, yana so ya ja shi cikin teku ya gudu, har ƙarfinsa ya ƙare igiyar ruwa ta riƙa birgima da shi, wani gurgu kuma yana rarrafe a bayansa yana kallo. Wanda ya ga wannan ba ya mantawa. Amma duk tsawon fim ɗin mutum ɗaya ne ke da zuciya da tarihi da damuwa, shi ne Baturen. Sarkin mahaukaci ne kawai, jama'a kuwa taro ne mai ihu da rawa, bayin kuma ba a ji sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Gezo na tarihi, wanda ya shekara 40 a kan gado, ya karɓe Dahome daga biyan gandu ga Oyo, ya yi ta jan zare da jakadun Ingila a kan hana cinikin bayi yana kuma bunƙasa cinikin manja, ba shi da gurbi a nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, wurin da aka gina fadar jabun, ƙasar Dagomba ce, tafiyar 'yan kwanaki a ƙafa daga Salaga, inda hanyar fatakenmu ta tuƙe, inda kuma aka yi kasuwar bayi ta gaske wadda har yau ana nuna rijiyoyinta. Tarihi na haƙiƙa yana nan kwance a gefensa, ya gina na kwaikwayo a kusa da shi.

Shekara biyu bayan haka ya ƙetaro arewacin kogi, ya yi ɗan fim na ƙasa da sa'a guda a kan Woɗaaɓe, Fulanin dajin da muke kira Bararo, ya kira su makiyayan rana. Ya same su ba da daɗewa ba bayan farin 1984, yunwar da Hausawan Nijar suka yi wa laƙabi da El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, kuma adalci ya wajabta a faɗi cewa bai ɓoye wannan ba: ya nuna waɗanda shanunsu suka ƙare suna tsugune a gefen Arlit, garin ma'adinin yuraniyom, suna tonon juji, ya kuma bar su suka yi magana da bakinsu. Amma zuciyar fim ɗin gerewol ce, inda samari ke shafe fuska da jar ƙasa da rawaya, su ja kwalli, su jeru suna zare idanu suna bayyana farin haƙora, 'yan mata su fito su zaɓi wanda ya fi kyau. A farkon fim ɗin, maimakon ya bar muryar samarin, sai ya ɗora a kan fuskokinsu wata tsohuwar waƙar cocin Katolika, wadda aka naɗa a faifai tun farkon ƙarni na 20 da muryar wani bābā daga mawaƙan fadar Fafaroma. Masu ilmin al'adun jama'a sun yi masa ca a kan haka. Hujjarsa ita ce, da ya bar waƙarsu, da Bature mai kallo ya ce ga wasu mutanen daji suna al'adarsu; da ya sa waƙar da Baturen ke jin tsarkinta, sai ya tilasta masa ya dube su da girmamawa. Niyyar kyakkyawa ce, na kuma yarda ta yi aiki a kan waɗanda aka nufa da ita. Sai dai Hausawa sun riga sun yanke hukunci a irin wannan mas'ala da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma girmamawar da sai an rufe bakin mutum kafin a ba shi ita, ragaggiya ce.

A nan ne ya kamata a yi masa hukunci da ma'aunin da ya dace da shi. Malaman hadisi suna neman abu biyu ga marawaici, adalci da kiyayewa, suna kuma rarrabe maƙaryaci, wanda ke ƙirƙira ya ɓoye, da wanda ya bayyana cewa shi ba riwaya yake yi ba. Herzog bai taɓa ɓoye mazhabarsa ba. A 1999, a jihar Minesota ta Amurka, ya shelanta a bainar jama'a cewa gaskiyar zahiri, wadda ya danganta ga masu lissafin kuɗi, ba ita yake nema ba, akwai wata gaskiya ta baɗini wadda ba a kai mata sai ta hanyar ƙira da shiryawa. Wanda ya faɗi haka ya fitar da kansa daga sahun masu tarihi ya shiga sahun sha'irai, sha'iri kuwa an yarje masa mubalaga, ba a kuma kafa hujja da baitinsa a gaban alƙali. Laifin yana wuyan wanda ya ɗauki ƙasida ya mai da ita shaida. Illa iyaka, idan al'umma ba ta da wata shaidar da aka ajiye sai ƙasidar baƙo, to ƙasidar ce za ta zame mata tarihi ko ta so ko ta ƙi.

Idon da ya fito neman abin al'ajabi dole ya tsallake Malanbil, domin abin da ke nan ba ya firgitarwa, ba ya kuma ɗimautarwa. Ciniki ne kawai, da haƙuri, da iya zama da baƙo. Amma shi ne ya riƙe ƙarshen hanyar nan biyu. Da jirgin ƙasa ya iso Faraku daga Kwatano a 1936 ya tsaya nan bai ƙara gaba ba, sai manyan motoci suka gaji jakunan fatake. Daga 1953 Faransawa suka shirya jigilar gyaɗar Maraɗi da sauran ƙasar Hausa ta Nijar ta wannan mashigi maimakon ta Kano, gada ta zo ta maye gurbin jirgin fito, kasuwar garin ta bunƙasa har ake lissafa ta a bayan Dantokpa ta Kwatano kaɗai. A cikinta doya da masara da garin rogo na kudu ke gamuwa da albasa da wake da dabbobin arewa, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Bargawa da Yarbawa da Fon suna ciniki da harshe uku ko huɗu a rumfa guda, dillali da fatoma suna riƙe amanar mutumin da ba su san garinsu ba. Kada kuma mu wanke kanmu: hanyar goron nan ta ɗauki bayi kamar yadda ta ɗauki kanwa, kuma a cikin masu saye da sayarwa a Salaga da Jugu akwai kakanninmu. Wannan babi ne da ya fi na Chacha kusa da mu, ya kuma fi shi wuyar faɗi, babu kuwa wani baƙo da zai faɗe shi a madadinmu.

Ba a rasa wanda ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya ba. A shekarar da aka haifi Herzog, 1942, a cikinta aka haifi Mustafa Alhasan na Nijar, wanda ya fara da wasan inuwa da fitila yana yaro, ya yi kanikanci, ya koyi riƙon kyamara a Yamai a wajen Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya bi Kwara a kwalekwale daga mafarinta har teku a 1946 da 1947, ya wuce ta tsakanin Gaya da Malanbil. Shi ma a 1962 ya fitar da fim ɗinsa na farko, Aure, a kan bikin aure a wani ƙauyen bakin kogi. A farkon shekarun 1970, ana cikin babban fari, ya haɗa hannu da wata Bajamushiya, Anna Soehring, suka shirya Tula, daga wata hikaya da Bubu Hama ya rubuta, ta yarinyar da aka ba da ranta domin a samu ruwa. Ga fari, ga Bajamushe a cikin aikin, kamar dai na Woɗaaɓe, amma labarin da muryar na 'yan ƙasa ne. Ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa yana riƙe da ɗan masaukin baƙi yana zana finafinansa a ciki, ya rasu a 2015, Allah Ya jiƙansa. Sunan Herzog ya game duniya, nasa kuwa ko a Gaya sai an tona.

Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci a bakin Malanbil, talakawa kuma suka koma wa kwalekwale da kuɗin fito, kamar yadda kakanninsu suka yi kafin 1958. Kusan kowane saurayi da ke tsaye a wannan gaɓa yana da waya a aljihu mai ɗaukar hoto da murya, abin da Herzog ya yi walda da dare, ya kuma ɗauki kayan da ba nasa ba, kafin ya samu. Ina kira ga samarin Malanbil da na Gaya, musamman masu sha'awar finafinan Kano da ke burin shiga sana'ar: a unguwanninku akwai sauran tsofaffin da suka yi fito kafin a gina gada, da direbobin da suka ja gyaɗa zuwa Faraku, da jikokin madugai da suka ji labarin Gwanja daga bakin waɗanda suka taka ta. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izininsu, ku ɗauke su suna magana da Dandanci da Hausa da Zabarmanci, ku rubuta sunan kowane da ranar da aka ɗauka da wanda ya ji daga gare shi, kada kuma ku ɗora wani kiɗa a kan muryarsu.